Baffa Zai Kai Baba Ƙauye, Wai A Ajiye Maganin Asibiti

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina ɗan shekara 62 ne, yana sayar da yadi a Kasuwar Barci. Mako shida ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kwana biyu kafin abin, yana shan shayi da safe kofi ya suɓuce masa, harshensa ya riƙa sarƙewa, can kuma ya warware ya tafi kasuwa. Ni ce na ce masa gajiya ce. Ran da ya faɗi da asuba ne, bakinsa ya karkace, aka ce marin aljani ne. Aka wuni ana tofi ana ɗura masa rubutu, sai bayan magariba muka kai shi asibiti. Yanzu an sallamo mu da magunguna. Yana ɗan motsa ƙafa, hannu kam shiru, magana ba ta fita sai "to" da "Allah", kuma abu kaɗan sai ya fashe da kuka. Baffanmu ya ce asibiti sun yi iya yinsu, zai tafi da shi ƙauye wurin wani mai magani, amma sharaɗin mai maganin shi ne a ajiye ƙwayoyin asibiti. Umma ba ta iya musu da shi. Mu bari a tafi da shi? Zai warke kuwa? Kuma Anti, ni ce na jawo masa?

'Yarki daga Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Ƙwayoyin nan kada a ajiye su ko na kwana ɗaya, a Tudun Wada yake ko a ƙauye. Wanda abin nan ya taɓa samu ya fi kowa kusa da ya sake samunsa, watannin farko ne suka fi haɗari, kuma na biyu yakan zo da ƙarfin da ya fi na farko. Duk maganin da sharaɗinsa shi ne a bar maganin hawan jini, ni a wurina maganar ta ƙare tun daga nan.

Ciwon Baba ba a hannu yake ba, ba kuma a ƙafa ba. A ƙwaƙwalwa yake. Ki dubi masu lambu a bakin kogin Kaduna da rani: kowane fangali da hanyar ruwansa. In hanyar ta toshe, fangalin ya bushe. In ta fashe, ruwa ya malale ya kwantar da shuka. Haka jijiyoyin jini suke a cikin kai, ko dai gudan jini ya toshe ɗaya, ko kuma ta fashe saboda matsin jini, sai wurin da take shayarwa ya daina aiki. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan ne mazaunin magana. Shi ya sa hannun dama da harshe suka tafi tare. Bakin da ya karkace ma daga nan ne: naman gefe ɗaya na fuska ya saki, lafiyayyen gefen ya janye shi. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Zariya da Kano, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna a yankinmu kusan kashi 1 cikin 3 na masu wannan ciwo fashewa ce, abin da ya fi na ƙasashen Turai yawa nesa ba kusa ba, kuma hawan jini ne kan gaba a cikin dalilai da tazara mai nisa. Bayansa akwai kitse a jini, da ciwon suga, da ciwon zuciya, da teɓa, da taba, da gishiri.

To, ke ce kika jawo? A'a. Abin da ya kayar da Baba ya yi shekaru yana taruwa a jijiyoyinsa, mai yiwuwa tun kina makarantar firamare, don hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekara goma bai ji ko ciwon kai ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, kofin nan da ya suɓuce gargaɗi ne. Jijiya ce ta toshe na ɗan lokaci sannan ta buɗe, kuma kwanakin da ke biye da irin wannan, musamman biyun farko, su ne babban yakan biyo baya. Da an je asibiti ranar, da wataƙila an tare shi, wataƙila kuma da bai taru ba. Ba ki sani ba. Umma ba ta sani ba. Shi kansa mai jikin ya sa hularsa ya tafi kasuwa. Ki sauke wannan kayan daga kanki, don akwai aiki a gabanki da yake bukatar ƙarfinki.

Yanzu da kika sani, ki koya wa kowa a gidan har yara masu wayo. In aka ga wani ya canza farat ɗaya, a ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa, a duba ko gefe ɗaya ya zube. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a ga ko ɗaya na sauka da kansa. A ce ya yi cikakkiyar sallama, a saurara ko kalmomin na fita daidai. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa. Haka in ido ya rufe ba zato, ko mutum ya kama tangaɗi kamar zai faɗi, ko ciwon kai ya sare shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ko da ya warware kafin a samo mota, a tafi. A dubi agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, don ita ce tambayar farko da likita zai yi. In kuwa da shi mutum ya farka daga barci, sai a faɗi lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya. A kwantar da shi a kan gefensa. Kada a sa masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu ko zuma ko madara, domin sau da yawa maƙogwaro ma yakan shanye, abin da aka ɗura sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, kwana biyu a ga zazzaɓi da tari, kuma ciwon huhun nan na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura. Kada a ba shi asfirin, don in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi, kuma babu mai iya bambance toshewa da fashewa da ido sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kada kuma a ƙara masa ƙwayar hawan jini da ka. Mai tofi ya shiga motar ya yi ta tofinsa har ƙofar asibiti, tofi ba ya hana taya juyawa.

Saurin yana da dalili. Masana sun ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa a kowane minti ɗaya. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai cikin awa 4 da rabi daga farawar abin. Gaskiya tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta a ƙasar nan ba. Duk da haka zuwa da wuri ba asara ba ne: za a auna suga nan take, don faɗuwar suga takan yi kama da wannan ciwo sak kuma ita ana gyara ta cikin mintuna, za a gwada haɗiya kafin a ba da abinci, za a lura da zazzaɓi da numfashi da awon jini. Tun yanzu ku san motar wa za a buga wa waya da tsakar dare, ku ware ɗan kuɗin da ba a taɓawa, ku kuma tambayi likitansa wane asibiti za ku nufa kai tsaye inda za a iya ɗaukar hoton ba tare da yawo ba.

Mu dawo kan Baffa. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutum ne da ya ga ɗan'uwansa kwance, ya ga an sallamo shi bai miƙe ba, ya kuma ji labarin wane da aka kai wurin mai maganin nan a kwance ya dawo da ƙafarsa. Labarin ma wataƙila gaskiya ne. Abin da Baffa bai sani ba shi ne, a makonnin farko kumburin da ke kewaye da wurin da ya lalace yakan sace, sannan sassan ƙwaƙwalwa na kusa su fara koyon aikin wanda ya mutu. Wannan sauƙin ya fi gudu a wata 3 na farko, ya ci gaba a hankali zuwa wata 6, har bayan nan ma ba ya tsayawa cak. Saboda haka duk wanda mara lafiya yake hannunsa a wannan lokaci, shi ke kwashe yabo. Wanda kuwa aka raba da maganinsa ya sake faɗuwa a can, ba a ba da labarinsa, sai a ce kwana ya ƙare.

Ke 'ya ce, ba za ki tsaya gaban Baffa a cikin mutane ki ce masa a'a ba, in kin yi ma taurin kai za ki ƙara masa. Ki bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa: aminin Baba na kasuwa, ko limamin masallacinku, ko babbar gwaggonku in akwai. Sannan a roƙe shi ya raka Baba asibiti ranar komawa, a matsayinsa na babba, ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa. Mutum in aka ba shi girmansa yakan sauko da kansa. Kuma akwai wanda duk kuka manta ba ku tambaya ba. Baba yana nan da ransa. Rashin magana ba rashin hankali ba ne, da yawa daga cikin masu irin lalurarsa suna fahimtar mafi yawan abin da ake faɗa. A zauna a gabansa, a tambaye shi a gajarce, "Baba, kana so ka tafi ƙauye?" a jira ya gyaɗa kai ko ya girgiza. A sake tambaya ta wata fuskar don a tabbatar ya gane.

Ba na cewa a rufe ƙofar addu'a. A yi tofi, a yi sadaka, a sa a yi masa sauka, a shafa masa man zaitun a hankali in yana jin daɗi. Abin da za ku hana shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, balle masu kanwa, da tsaga ko ƙaho ga mutumin da wataƙila yana shan maganin tsinka jini, da kuma gasa masa jiki da ruwan zafi ko garwashi. Fatar gefen da ya shanye sau da yawa ba ta jin zafi yadda ya kamata, za a ƙona shi bai ce uffan ba, sai an ga ta saluɓe.

Zai warke? Babu wanda zai yi miki alkawari, duk wanda ya yi kuma ki yi hattara da shi. Abin da aka saba gani shi ne ƙafa takan riga hannu dawowa, da yawa sukan koma tafiya ko da da sanda, hannu yakan yi nawa kuma wani lokaci yatsu ba sa komawa yadda suke, magana kuwa takan ci gaba da gyaruwa har bayan shekara. Motsin ƙafar da kika ambata alama ce mai kyau. Amma maganar asibiti sun yi iya yinsu ba haka take ba. Sallama daga gado farkon aikin ne. Manyan asibitoci irin su Barau Dikko da asibitin sojoji na 44 da asibitin koyarwa na Shika suna da sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi ana koya wa mutum zama da tsayuwa da taku. In ba a haɗa ku da su ba, ku nema. Ke ko yayanki ku riƙa shiga tare da shi, ku ɗauki atisayen a waya da izininsu, don abin da ake yi a gida kullum shi ne mai yawan, zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu a mako gyara hanya ne kawai.

A nan ne nake so ki buɗe kunne, domin a gidajenmu tausayi yakan yi wa mara lafiya illa. Ana ganin Alhaji ya miƙa hannu zai ɗauki buta, mutum uku sun zabura. A ba shi abinci a baki, a sa masa riga, a juya shi, shi dai yana kwance yana kallon rufi. Gaɓar da ba a sa ta aiki ba ta sandare, ƙwaƙwalwa kuma ba ta koyon abin da ba a nema daga gare ta ba. Kowace safiya a tashe shi daga gado, a zaunar da shi a kujera mai hannu, ya sa kaftaninsa da hularsa. Wurin sa riga a fara zura hannun da ya shanye, wurin cirewa shi ne na ƙarshe. In zai ɗauki minti goma yana fama da maɓalli ɗaya, ki riƙe hannunki a baya ki bar shi. Ya ci abinci da kansa da hannun hagu. In ya ƙi saboda ya saba da dama tun yana yaro, a sa liman ya gaya masa lalura ce, babu laifi a kansa.

Wurin cin abincin ya zauna a miƙe, loma ƙanana, babu hira babu gaggawa, kuma ya ci gaba da zama kamar rabin awa bayan ya gama. Ki leƙa kuncin dama, abinci yakan maƙale a nan bai sani ba. In yana ƙwarewa da ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure bayan ya sha, ki gaya wa likita, domin ga wasu kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Kada kowa ya ɗaga shi ta hanyar jan hannun da ya shanye ko a cusa hannu a hammatarsa a finciko shi. Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, tana iya gocewa, kuma ciwon kafaɗa kaɗai ya isa ya sa mutum ya ƙi atisaye. In yana zaune a tallafe hannun da filo, kada a bar shi yana reto. In har yanzu ba ya iya juyawa da kansa a gado, a juya shi duk bayan awa 2, a riƙa duba diddige da ƙugu da mazaunai. Jan tabo ko duhun da bai gushe ba farkon gyambo ne. Tsugunno a masai ya fi ƙarfinsa yanzu, a samo kujerar bayan gida ko a huda ta roba mai ƙwari. A kwashe tabarmi da wayoyin wuta daga hanyarsa.

Magana kuma, kada a riƙa ɗaga masa murya, ba kurma ba ne, kada a yi masa irin maganar da ake wa yaro. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a kashe rediyo, a ba shi lokaci, kada a riƙa ƙarasa masa. Abin da mutum ya haddace tun ƙuruciya yakan fi saurin fitowa, don haka ku riƙa karanta Fatiha da ƙananan surori tare, ku ƙirga ɗaya zuwa goma, ku jero ranakun mako. Ki sa yaron shago ya kawo ƙyallayen shadda da yadi kala-kala, ki shimfiɗa masa a cinya ki ce, "Baba, wanne ya fi kyau?" Bari ya murza da yatsunsa ya nuna. Mutumin da ya yi shekaru yana wannan sana'a, idonsa da hannunsa na hagu ba su manta ba, kuma ranar da ya ga ana neman ra'ayinsa za ki ga fuskarsa ta canza. A riƙa kawo masa littafin ciniki ya duba.

Kukan iri biyu ne. Akwai wanda ciwon kansa ke kawowa, mutum ya fashe da kuka ko dariya ba tare da abin ya kai zuciyarsa ba, ya wuce cikin ɗan lokaci. Wannan ku yi kamar ba ku gani ba, ku canza zance. Akwai kuma ciwon damuwa na gaske, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka yi wannan lalura. In ya juya fuska bango, ya ƙi abinci, ya ƙi atisaye, barci ya gagara, har abin ya haura mako biyu, a gaya wa likita. Yana da magani, kuma ba raunin imani ba ne. 'Yan dubiyar da ke shigowa suna tafa hannu suna "wayyo, haka Alhaji ya koma", a tare su tun daga zaure a roƙe su. Abokansa na majalisa kuwa a ce su zo su yi hirarsu ta duniya a gabansa kamar da. Sallarsa ya yi a zaune ko a kwance, a taimaka masa da alwala ko ya yi taimama, in ya ƙara ƙarfi a tura shi masallacin unguwa a keke.

Tukunya ma sai ta canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba tozo, kuma a cikin lissafin har da ɗunƙulen miya da kanwa da yajin tsire. A koma ga daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. A yawaita zogale da alayyaho da rama. Binciken nan na SIREN ya samu masu cin ganye kullum sun fi tsira daga wannan ciwo. Ni da za ki bi tawa, kada a ware masa tukunya, a rage wa gidan duka, don mara lafiyan da ke ganin ana cin mai daɗi ana ba shi lami ba ya daɗewa bai yi tawaye ba. Magungunan ciwon jiki na kemis irin su dikilofinak da ibufurofin suna tayar da awon jini, kada a saya masa sai da sanin likita. In wata ƙwayar ta dame shi, misali amlodifin takan kumbura ƙafa, lisinofiril takan sa busasshen tari, a koma a canza masa, ba a daina ba. Ku sayi na'urar awo ta gida ku riƙa rubutawa a littafi ku tafi da shi asibiti. In awo ya yi kyau, maganin ne ke aiki, ba warkewa aka yi ba. Azumi in ya zo a tambayi likita tukuna.

Ki sa ido a kan Umma. Ita ce za ta yi ta ɗagawa da wanki da rashin barci ba ta ce komai ba har bayanta ya riƙe. Ku raba kwana, mazan gidan su ɗauki wanka da ɗagawa, kuɗin magani kuma a yanka wa kowa abin da zai kawo duk wata tun kafin ƙwaya ta ƙare. Ki leƙa ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ki ji abin da tsarinsu ya ƙunsa.

Ku 'ya'yansa kuma kowa ya je a auna shi, don hawan jini yana bin gida. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake a wata ranar aka samu haka, a ga likita ko da ana jin garau. Ke musamman, in jininki ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ki faɗa duk inda kika je awo, ki faɗa kafin a ba ki ƙwayar tazarar haihuwa, kuma in kin haihu ki yi hankali da kunun kanwa. Ranar da kuka je asibiti da Baffa, ki raɗa wa ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa abin awon shi ma. Jininsu ɗaya da Baba, kuma zan yi mamaki in ya taɓa aunawa.